Idan Manhajar Faifai Ta Ƙi Buɗewa: Jagora Ga Mai Gyaran Kwamfuta

Akwai wani aiki da ke yawan zuwa teburin masu gyaran kwamfuta a tsakiyar Wagadugu, daga kewayen kasuwar Rood Woko har zuwa titin Kwame Nkrumah. Mutum zai kawo kwamfuta yana son a raba masa faifan ajiya, ko a gyara masa filashi, ko a sa wa sabon faifai harafi. Mai gyara ya danna manhajar da ya saba yin aikin da ita, sai ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe ta rufe nan take. Jiya lafiya lau take. Abin da ya canza shi ne an saka wata sabuwar manhaja, ko an sabunta wata, ko an cire wata.

A nan ne da yawa suke yin ɓarna. Suna ganin manhajar faifai ta tsaya sai su ɗauka faifan ne ya lalace, su yi masa fomat, su sake zuba Windows. Alhali mafi yawan lokuta faifan ƙalau yake. Ciwon yana can ƙarƙashin manhajar, a cikin kayan da ta dogara da su.

Abin ya wuce maganar sana'a kawai. Zangouettin, tsohon zangon Hausawan Wagadugu, an rushe shi a 2003 a ƙarƙashin shirin ZACA, tare da maƙwabtansa irin su Tiedpalogo da Peuloghin, aka kwashe mutane da yawa zuwa filayen da aka yanka wajen Ouaga 2000. Gidaje sun tafi, amma ciniki da zumunci ba su yanke ba. Takardun fili, lissafin bashi, hotunan iyaye da na unguwar da babu ita yanzu, da yawansu an mayar da su cikin kwamfuta da filashi, wani lokaci babu kwafi na biyu a ko'ina. Wanda aka miƙa wa irin wannan faifai an miƙa masa amana ne. Saboda haka doka ta farko a wannan jagora ita ce: ba a taɓa faifai sai an gama gyara manhajar da ke sarrafa shi.

Mene ne ginshiƙin da manhaja ke tsaye a kai?

Masu rubuta manhaja ba sa rubuta komai daga farko. Akwai ayyukan da kowace manhaja ke buƙata, kamar buɗe fayil, lissafi, da zana taga a allo. An tattara waɗannan a wuri guda, kowace manhaja tana ɗiba idan ta tashi aiki. Su ne nake kira manhajojin ginshiƙi. A Windows, waɗanda suka fi shahara su ne Microsoft Visual C++ Redistributable da .NET. A Linux kuwa Python na yawan jawo irin wannan rigima.

Kamar famfon tsakar gidan haya ne: ɗaki goma, famfo ɗaya. Idan mai ɗaki guda ya canza bakin famfon don ya dace da tiyonsa, sauran tara za su wayi gari nasu bai shiga ba, ko da yake babu wanda ya taɓa ɗakunansu.

Manhajojin raba faifai da ake saukewa daga intanet, irin su MiniTool Partition Wizard, AOMEI da EaseUS, da ƙananan manhajojin da kamfanonin faifai ke bayarwa don duba lafiyar kayansu, galibi a kan irin waɗannan ginshiƙai suke. Ita kuwa wadda ta zo tare da Windows, wato Gestion des disques a kwamfutocinmu masu Faransanci, ta dogara ne da fayilolin Windows kansa da wata hidima mai suna Disque virtuel. Sanin wannan bambanci shi ne rabin gyaran.

Kafin ka fara

Ka jona kwamfutar da wuta mai tabbas. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta kuma ɗauke wuta ya yawaita, kada ka fara wannan aiki a kan kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta. Idan ta tafi-da-gidanka ce, ka tabbata batirinta yana riƙe caji, don yawancin na hannu da ake kira "France au revoir" batirinsu ya gaji.

Ka zare duk wani filashi ko faifan waje da ba ka buƙata. Ka kwafi muhimman fayilolin mai kaya zuwa wani faifai dabam tun Windows na buɗewa. Idan wani saƙo ya fito yana cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da faifai, ko yana neman "Initialiser le disque", ka danna Annuler. Idan faifan na kulle da BitLocker, ka nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48 daga wurin mai kaya kafin ka ci gaba.

Mataki na 1: ka tambayi mai kaya, sannan ka tambayi kwamfutar

Tambayar ita ce: "Alhaji, kafin abin nan ya faru, me aka saka ko me aka cire?" Amsar da ka fi ji ita ce: "Wallahi ban taɓa komai ba, sai dai ko yaron nan." Kada ka matsa masa. Gaskiyarsa ya faɗa, domin sau da yawa abin yana faruwa ne a ɓoye, lokacin da ake saka manhajar lissafin kanti, ko ta firinta, ko wasan yara.

Ita kwamfutar ba ta mantuwa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta appwiz.cpl. Jerin manhajoji zai fito. Danna kan layin "Installé le" don ya jera su bisa kwanan wata, ka duba abin da ya shigo a ranar da matsalar ta fara. Daga nan ka sake danna Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Wannan zai nuna maka jadawalin kwanaki: ranar da aka saka wani abu, ranar da aka cire, da ranar da jar alama ta fara bayyana. Idan ka ga an cire Visual C++ ranar Talata, kuma manhajar faifai ta fara faɗuwa ranar Laraba, ka kama bakin zaren.

Wani abu da ake yawan gani shi ne yaro mai son "share" kwamfuta. Ya buɗe jerin, ya ga Microsoft Visual C++ an rubuta shi sau takwas ko goma, 2008, 2010, 2013, kowanne kashi biyu, sai ya ɗauka maimaici ne, ya cire tsofaffin ya bar na ƙarshe. Ba maimaici ba ne. Kowanne da manhajojin da ke kansa, kuma a cikin waɗannan, sabon ba ya maye gurbin tsohon.

Mataki na 2: ka karanta saƙon kuskuren, ka rubuta shi

Kada ka rufe saƙon da gaggawa. Ka ɗauki hotonsa da waya. Sunan fayil ɗin da ke ciki shi ke gaya maka wane ginshiƙi ne ya karye:

MSVCR100.dll na Visual C++ 2010 ne.
MSVCR110.dll na 2012 ne.
MSVCR120.dll na 2013 ne.
VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll na jerin da ya fara daga 2015 ne. Na 2015, 2017, 2019 da 2022 duk ƙunshi ɗaya ne, sabon ciki yana ɗaukar nauyin na baya.
Idan saƙon ya ambaci api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll, yawanci a Windows 7 ko 8.1, to sabuntawar KB2999226 ce babu, kuma a Windows 7 sai an riga an saka Service Pack 1.
Lambar 0xc000007b kuwa mafi yawan lokuta tana nufin an cakuɗa fayil na 32-bit da manhaja ta 64-bit, ko akasin haka.

Idan manhajar ta rufe ba tare da ta ce komai ba, ka buɗe eventvwr.msc, ka shiga Journaux Windows, sannan Application. Nemi kuskure mai lamba 1000, ka karanta layin "Nom du module défaillant". Sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar yana nan. Idan kusa da shi akwai wani kuskure mai lamba 1026, to .NET ce ke da matsala.

Mataki na 3: gyaran Visual C++

Koma appwiz.cpl. Idan ƙunshin da kake nema yana cikin jerin, danna shi, zaɓi Modifier, sannan Réparer. Tsofaffin ƙunsoshi wasu ba su da wannan zaɓi, sai dai a cire a sake sakawa. Idan ba ya cikin jerin, ka sauke shi daga shafin Microsoft kansa. Sunayen fayilolin na jerin 2015 zuwa 2022 su ne vc_redist.x64.exe da vc_redist.x86.exe, kuma kowanne bai kai megabait 30 ba, don haka ko da intanet ɗin waya ana iya sauke su.

A Windows mai 64-bit ka saka duka biyun. Abin da ake dubawa shi ne irin manhajar, ba irin Windows ba, kuma manhajojin faifai da yawa, musamman tsofaffi, na 32-bit ne. Idan ka gama ka sake kunna kwamfutar kafin ka gwada.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne sauke fayil ɗin DLL guda ɗaya daga shafukan da ke raba su, ka jefa shi cikin System32. Ba ka san wanda ya taɓa shi ba, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Ga kuma tarkon da ke cikin sunayen: a Windows mai 64-bit, foldar System32 ta fayilolin 64-bit ce, SysWOW64 kuma ta 32-bit. Wanda ya bi suna zai saka kowanne a gidan da ba nasa ba, ya haifi kuskuren 0xc000007b da hannunsa.

Idan ka saka komai daidai amma manhajar na ci gaba da faɗuwa a kan MSVCP140.dll, ka leƙa cikin foldar manhajar kanta. Windows yana fara neman irin wannan fayil a can kafin ya je System32. Idan akwai tsohon kwafi a wurin, shi za ta ɗauka ta bar sabon. Ƙa'idar ita ce ginshiƙi kada ya girmi kayan da aka gina manhajar da su. Wannan ya fito fili a 2024, lokacin da manhajojin da aka gina da Visual Studio 2022 sigar 17.10 suka riƙa faɗuwa a kwamfutocin da ke da tsohon MSVCP140.dll. Kada ka goge fayil ɗin. Ka canza masa suna, misali ka ƙara .old a ƙarshe, ka gwada. Idan abin ya ƙara lalacewa, sai ka mayar masa da sunansa.

Mataki na 4: gyaran .NET

Nan iri uku ne, kuma ba a gyara su da hanya ɗaya.

Na farko .NET Framework 3.5, wanda ya ƙunshi 2.0 da 3.0. A Windows 10 a kashe yake zuwa. Rubuta optionalfeatures a akwatin Windows da R, ka sa masa alama. Idan intanet ba shi da ƙarfi, ka sa filashin da ke ɗauke da Windows iri ɗaya da na kwamfutar, ka buɗe Invite de commandes a matsayin Administrateur, ka rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /Source:D:\sources\sxs /LimitAccess

Ka canza D da harafin filashinka.

Na biyu jerin .NET Framework 4. Shi wannan sabo yana zama a gurbin tsoho: 4.8, wanda ya fito a 2019, ya wadatar da manhajojin 4.6 da 4.7. Idan ya lalace, Microsoft na da ƙaramar manhaja mai suna .NET Framework Repair Tool.

Na uku sabon .NET, irin su 6 da 8. Su suna zama gefe da gefe. Manhajar da aka gina kan 6 ba za ta hau 8 da kanta ba, don haka wanda ya cire 6 saboda ya saka 8 ya karya ta. Rubuta dotnet --list-runtimes a Invite de commandes ka ga abin da ke nan. Abin da manhajoji masu taga ke buƙata shi ne Desktop Runtime. Tun Nuwamba 2024 aka daina tallafa wa .NET 6, saboda haka idan akwai sabuwar sigar manhajar faifan, gara ka ɗauko ta.

Mataki na 5: idan ta Windows ce ta tsaya

Idan Gestion des disques, wato diskmgmt.msc, ce ta maƙale tana cewa tana ƙoƙarin haɗuwa da hidimar faifai, sake saka Visual C++ ba zai amfana ba. Buɗe services.msc, nemi Disque virtuel, ka tabbata ba a kashe ta ba. Matsayinta na asali Manuel ne. Manhajojin da ke da'awar ƙara wa kwamfuta sauri sukan kashe ta. Mayar da ita Manuel, ka danna Démarrer.

Idan ta ƙi tashi, buɗe Invite de commandes a matsayin Administrateur ka bi waɗannan biyu, ɗaya bayan ɗaya:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow

Na farkon yana gyara rumbun da Windows ke ɗebo lafiyayyun fayiloli, na biyun yana amfani da rumbun ya maye gurbin waɗanda suka lalace. A Windows 7 na biyun kawai za ka yi. Za su ɗauki lokaci, wani sa'in ma ka ga lambar ta tsaya wuri ɗaya. Ka bar ta.

Ka sani diskpart, mai sarrafa faifai daga Invite de commandes, shi ma da wannan hidima yake aiki, don haka idan ta mutu shi ma ba zai buɗe ba. Idan so kake ka tabbata faifan na nan lafiya, buɗe PowerShell ka rubuta Get-Disk, sannan Get-Volume. Daga Windows 8 zuwa sama suna aiki, kuma karantawa kawai suke yi, ba sa canza komai. Idan kuma diskpart ya buɗe, list disk da list volume ba su da haɗari. Umarnin clean kuwa yana share teburin rabon faifai nan take ba tare da ya tambaye ka ba. Ba shi da gurbi a wannan aiki.

Mataki na 6: komawa baya

Idan duk wannan bai yi ba, rubuta rstrui. Zaɓi wurin komawa da ya riga ranar da ka gano a mataki na 1. Wannan yana mayar da manhajoji da saitunan Windows yadda suke a ranar, ba ya taɓa takardu da hotuna. Manhajar da aka saka bayan ranar za ta tafi, don haka ka sanar da mai kaya tukuna.

Ga masu Linux

Ɗalibai da masu koyon rubuta manhaja sukan faɗa wannan rami. Kowace Ubuntu da Python ɗin da aka gina ta a kai: 20.04 da 3.8, 22.04 da 3.10, 24.04 da 3.12. Ɗalibi ya saka sabuwar Python don darasi, ya juya /usr/bin/python3 ya koma kanta. Washegari manhajar haɗa filashin Ubuntu ta ƙi buɗewa, ko mintstick mai yi wa filashi fomat a Linux Mint, wani lokaci har da allon umarnin kansa.

Idan allon umarni ya ƙi, danna Ctrl, Alt da F3 tare, ka shiga da sunanka. Rubuta ls -l /usr/bin/python3 ka ga inda ya nufa. A 22.04, idan ba python3.10 ba ne, mayar da shi:

sudo ln -sf /usr/bin/python3.10 /usr/bin/python3

Don ganin ainihin kuskuren, kira manhajar da sunanta daga allon umarni, misali usb-creator-gtk. Idan ta koka kan gi ko apt_pkg, to Python ce. Fayil ɗin /var/log/apt/history.log zai nuna maka abin da aka saka da abin da aka cire. Ita kuwa gnome-disks ba da Python aka rubuta ta ba, da hidimar udisks2 take aiki, sai ka duba ta da systemctl status udisks2. Wanda ke son sabuwar Python ya saka ta a gefe ya yi aikinsa cikin venv, ya bar ta tsarin yadda take.

Idan aikin na gaggawa ne

Wani lokaci Hajiya na tsaye, motar Yamai ko ta Bobo-Dioulasso na shirin tashi, filashinta kawai take so a gyara. Ba dole sai ka warkar da Windows ɗin a ranar ba. Ka ajiye filashi guda mai GParted Live. Idan ka tashi kwamfuta da shi, yana zuwa da nasa ginshiƙan, babu ruwansa da abin da ya lalace a ciki. Sai dai ka duba girman kowane faifai sau biyu kafin ka danna komai, domin a can ba a kiran su C da D.

A wani filashin kuma ka tara ƙunsoshin Visual C++ daga 2008 zuwa na ƙarshe, x86 da x64, da .NET Framework 4.8, duk daga shafin Microsoft. Windows 7 ta daina samun tallafi ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, amma har yanzu shagunanmu na cike da su, kuma sababbin ƙunsoshi sukan daina shiga tsofaffin Windows. Sigar da ka tabbatar tana aiki a kansu, ka adana ta.

Yaushe ne faifan kansa ke da ciwo?

Akwai alamun da ke nuna maganar ta wuce ginshiƙi: faifai yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, yana ɓacewa yana dawowa, kwafin ƙaramin fayil yana cin minti goma, ko manhajar duba lafiyar faifai CrystalDiskInfo ta nuna rawaya ko ja. Haka kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba faifai. A nan ka dakata da duk wani gyara. Ka fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani da ddrescue, sannan ka yi aikin ceto a kan kwafin da TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ce. Idan aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa mai kaya gaskiya, ka tura shi wurin wanda ya fi ka. Wannan ba ya rage wa mai sana'a daraja.

Bayan an gama

Buɗe manhajar faifan, ka duba cewa kowane ɓangare na nan da girmansa da harafinsa. Buɗe manhajar da aka saka wadda ta jawo rikicin, ka tabbata ita ma tana aiki, kada ka gyara ɗaya ka karya ɗaya. Ka ƙirƙiri sabon wurin komawa. Ka rubuta a littafin shago abin da ka tarar da abin da ka saka, domin irin wannan matsala takan dawo a wata kwamfutar.

Sannan ka zauna da mai kaya minti biyu. Ka nuna masa jerin Visual C++ ɗin, ka ce: "Alhaji, waɗannan ko sun kai goma, a bar su, ba sa cin wuri." Ka kira yaron da ya cire su ka nuna masa ba tare da faɗa ba, domin mai son share kwamfuta yau shi ne mai gyara gobe. Kuma kada ka bar su su tafi sai ka shawarce su da su sayi faifai na biyu, a kwafe takardu da hotuna, a ajiye shi a wani gida dabam. Manhaja ana sake saka ta cikin rabin awa. Takardar fili da hoton mahaifi, idan kwafi ɗaya ne kuma ya tafi, babu shagon da zai iya alƙawarin dawo da su.